Tocilolin Maigidana

Shekarun da muka zauna a Zawaciki, maigidana yana aiki a wani kamfanin jimar fata a Challawa, a kan injin da ke kankare fata. Ana idar da sallar asuba yake fita, gari bai gama wayewa ba. A hanyar da yake yankewa akwai babbar kwata da ruwan kamfanoni ke bi, baƙi ƙirin, kuma a kan katako guda ake ƙetare ta. Shi ya sa ba a wasa da tocila a gidanmu.

Ta farko ta ƙarfe ce, mai cin manyan batura biyu. Haskenta jaja-jaja ne, amma ba ta yaudara: a hankali take dusashewa, mutum ya san lokacin canji ya yi. Shanya baturan da suka gaji aikina ne. In na gama wanke-wanke sai in jera su a kan kwanon rufin kicin, rana ta gasa su, da la'asar in sauke. Kowa a unguwar haka yake yi, wai rana tana mayar musu da ƙarfi. Kuma sukan ɗan farfaɗo.

Da ya fara cewa ta ƙarfen ba ta haske, ƙanensa mai sayar da kayan wuta ya kawo masa ta zamani, ta roba, mai ƙananan ƙwayaye da yawa, wadda ake yi wa caji. Bayan magariba suka tsaya a tsakar gida suna haska bango, wannan kusa da waccan. Sabuwar fara tas, har tsagar siminti ana gani.

"Matar yaya, kin huta da shanya," in ji ƙanen. "Dama ke batir kike shanyawa kamar kuɓewa."

Na ce, "To, ka zo mana da wutar da za mu yi cajin, tunda kai ne mai ita."

Maganata kuwa ta tabbata. Sai a kwana biyu ba a kawo wuta ba, ita kuma ba ta sallama, tana cikin haske sai ta ɗauke gaba ɗaya. Aka kawo wata 'yar ƙarama mai siraran batura uku, haskenta yana zuwa nesa amma a tsuke. Aka kawo wadda ake matsawa da hannu, tana kuka kamar keken ɗinki. Kowace sai ya yi mako yana yabonta, daga nan ya ce, "Ita ma ta yi sanyi." Ƙanen ya ɗora laifin a kan jabun batura, ni na ɗora a kan damina da ta hana ni rana. Duk mun yarda da hakan.

Wata asuba takalminsa ɗaya ya shige ƙarƙashin benci. Na ɗauki 'yar ƙaramar, da sababbin batura a cikinta, na haska masa. Ina ganin takalmin har da zaren ɗinkinsa. Shi kuwa yana durƙushe yana lalube, hannunsa yana wucewa ta gefensa.

"Haska mana sosai," ya ce.

Na tura masa takalmin da ƙafa. Ya fita, na bi shi da addu'a, zuciyata tana kan katakon nan da wuƙar injin. A lokacin ana ta rage ma'aikata, kamfanoni suna rufewa ɗaya bayan ɗaya, kuma na san mai raunin ido shi za a fara sallama.

Da ya dawo ya ci abinci, na zauna kusa da shi.

"Malam, tocilar nan lafiyarta ƙalau."

Can ya ce, "Na sani. Ina so ne a ce ita ce."

A asibitin ido suka ce hawan jinin ido ne. Abin da ya tafi ba ya dawowa, sai dai a lallaɓa sauran da maganin ɗigawa. Likitan ya tambaya me ya sa ba mu zo da wuri ba. Muka kalli juna. Kafin watan ya ƙare ya ajiye aikin da kansa, ya ce gara ya fito da yatsunsa goma.

Ya mayar wa ƙanensa duk tocilolin, ban da ta ƙarfen. Ita yake ajiyewa gefen katifa, kusa da carbinsa. Bayan wasu shekaru, wata rana da magariba an ɗauke wuta, ya miƙo min ita ya ce in haska fuskarsa, yana son ya gwada. Na sa sababbin batura, na kunna, hasken ya cika masa ido har ina ganin kaina a ciki.

Ya jira kaɗan, sannan ya ce, "Kin kunna?"