Ranar da Aka Juya wa Falmata Shafi

Lokacin da nake riƙe da aji huɗu a wata firamare a Dawaki, ni dai na san duk Gombe babu malamin karatu kamata. Nakan ce wa abokan aiki ko benci aka ba ni, kafin hutu zai fara haɗa baƙi. Suna dariya, ina ƙara gishiri. To ku sababbin malamai, ku ji abin da wata Laraba ta yi min, wadda har yau ba ta bar ni ba.

Ga yadda muke aiki. Malam ya karanta shafi da ƙarfi, yara su maimaita sau uku, sannan a bi layi daga gaba zuwa baya, kowa ya tashi ya karanta shi kaɗai. Kafin a kai bencin ƙarshe, ko ƙadangaren taga ya haddace shafin. A can baya Falmata take zama, 'yar wani mai wankin hula da rikici ya taso su daga Borno. In ta miƙe, karatu take zubawa kamar mai labarun rediyo, ba gargada. Da ita nake cika baki.

Ranar nan aka turo mana jami'ar duba makarantu, Hajiya Asabe. Aikinta ta zauna a aji ta ga darasi, ta rubuta rahoto. Na gyara babbar riga na ce, "Hajiya, yau za ki sha karatu. Falmata, bismillah!"

Ta karanta tsaf. Hajiya ta tako a hankali, ta juya mata shafi na gaba, wanda ba mu taɓa yi ba. "Ci gaba, 'yata."

Falmata ta ɗora yatsa a kan kalmar farko. Can sai ta buɗe baki ta sake zubo shafin baya, idonta a kan sabon.

Kunya ta rufe ni, ni kuwa in na ji kunya bakina ba ya zama. Na ce, "Hajiya, a yi haƙuri, batirin rediyonmu ya ƙare!" Aji ya kece da dariya, har da masu buga tebur. Kafin a tashi tara, sunanta ya koma Rediyo.

Hajiya ba ta yi dariya ba. Ta ja yarinyar gefe, ta karanta mata labari sau ɗaya, ta yi mata tambayoyi, duk ta amsa. Sannan ta kira ni ofishin hedimasta.

"Malam Sale, yarinyar nan ta fi rabin ajinka kaifin ƙwaƙwalwa. Haruffa ne ke cakuɗe mata a takarda, disleksiya ake ce masa. Da kunne take karatu, tsarinka kuma ya taya ta ɓoyewa."

Ta sa sunana a wata bita ta kwana uku. A nan na koyi a dawo da irin yaran nan gaba, a rubuta musu da manyan haruffa, a rufe sauran layuka da kwali, su zana harafi a yashi suna furta sautinsa, a ƙara musu lokaci. Kuma kada a tsayar da su gaban aji ba shiri. Duk abin da aka ce kada a yi, na ga hotona a ciki. Na gane yaro mai haddace komai wani lokaci gudun tonon asiri yake yi.

Na dawo da kwalayena har na yanka su reras, sai na tarar Falmata ta daina zuwa. Na jira mako biyu, sannan na hau keke na tafi wurin babanta. Na same shi a gindin darbejiya yana ɗora huluna a kan itacensu.

"Baba Modu, a dawo min da ita. Yanzu na san maganin abin. Kwana uku cur ana koya mana!"

Ya ce ta rantse ba za ta sake shiga inda ake ce mata Rediyo ba, har ya kai ta wurin ƙanwarsa koyon ɗinki. Na yi ta magiya, ina nuna masa kwalaye. Bai ko ɗago ba, ya tsoma wata hula a ruwa.

"Ashe kai ma ba ka iya ba, Malam, sai da aka koya maka. To da suka gane ba ka iya ba, mutum nawa suka tara suka yi maka dariya?"