Roƙon Addu'ar da Ba Suna

Yayata mai kitso ce. Shekara ashirin da shida tana shago ɗaya, da madubinta mai tsage a gefe, da fankar da sai an tura ta da tsinke take juyawa. Mace in ta sa kai a cinyarta, shi ke nan baki ya buɗe. Ita kuwa daga "uhm" sai "juyo nan". Ni ce mai surutun gidanmu, kuma ni ke jagorantar addu'ar mata a coci ran Laraba. Kun ji haɗi!

Wata safiya na faɗa shagon ba sallama, na tarar da gashi tuli a ƙasa, wata malamar makaranta 'yar cocinmu tana ɗaura ɗankwali. Ta ce maganin asibiti ne ke zubar mata da gashi. "Don Allah kada mamata ta ji. Ciwon zuciya gare ta."

Tana fita na ce, "Yaya, wannan ai sai mu kai gaban mata. Ba gulma ba ce, addu'a ce. An ce mu ɗauki nauyin juna."

Ta ci gaba da shara. "Na sani. Ni ma bakina ƙaiƙayi yake. Amma in na ji magana tana min daɗi tun ban faɗe ta ba, sai in tsaya in tambayi kaina: don Yesu ne, ko don ni?"

Wallahi na ji haushi, don ta taɓo ni.

Ran Laraba na ce wa ke da roƙo, ina zuba wa Yaya ido. Ta miƙe ta ce akwai wata 'yar'uwa da ke cikin wahala. Kunnuwa suka tashi. Matar dattijon coci ta ce, "Wace ce, don mu san yadda za mu roƙa?"

Yaya ta ce, "Wanda za mu roƙa ya san ta, Mama."

Haka muka yi addu'ar, wasu na ta leƙen juna ta ƙasan ido.

Bayan wata biyar malamar ta samu sauƙi, ta zaunar da uwarta ta faɗa mata da bakinta. Tsohuwar ta yi kuka, ta ci abinci, ta kwana lafiya. Mun yi murna ƙwarai, amma ni ban haƙura ba. Ina zaune Yaya na tsefe min kai na ce, "Da an sani ai da an fi yi mata addu'a. Ke dai rowar magana gare ki."

Ta danna min kai ƙasa. "Shekarar da kika kwaso kayanki daga gidan mijinki, kika yi kwana tara a ɗakina kina kuka, wa ya ji?"

Ba wanda ya ji. Bana aurenmu shekara goma sha tara, ko 'ya'yanmu ba su sani ba.