Zaren da Ban Kai wa Baba Sale Ba

Ranar Laraba da hantsi ina tsakar gida ina shanya kayan jariri, sai na ji ana sanarwa a lasifikar masallacin unguwarmu. Ban fahimta ba sai da aka maimaita: Allah ya yi wa Malam Sale maƙerin azurfa rasuwa, za a yi jana'iza bayan azahar. Na yi salati, na zauna a kan turmi, rigar jaririn tana ɗiga a hannuna. Na ce wa 'yata Ummi ai wani Salen ne, masu sunan suna da yawa a Kazaure. Ta ce, "Umma, maƙeri fa aka ce."

Bai yi jinya ba. Ranar Talata ma an gan shi a rumfarsa yana hura wuta. Ranar Larabar ya dawo daga sallar asuba, ya ce wa matarsa Inna Asabe ƙirjinsa ya yi nauyi, ya kishingiɗa, shi ke nan. Ni kuwa akwai zare ƙulle a bakin mayafina, wanda na shirya kai masa ranar Alhamis. Har yanzu da nake wannan rubutu ban kwance shi ba.

Ban iya dogon rubutu ba. Sai da na aurar da Ummi sannan na shiga ajin yaƙi da jahilci. Amma akwai abin da na sani game da mutumin nan wanda nake tsoron ya tafi ba a faɗa ba.

Baba Sale ba ya taɓa hannun matar mutane. Saboda haka awonsa duk da zare yake. Mace ta zagaya zare a yatsarta ko a wuyan hannunta, ta ƙulla, ta kai masa ko ta aika. Karon farko da na kai nawa, ya ja shi tsakanin yatsunsa, ya dube ni ta saman tabarau.

"Saude, wannan zaren saƙar hula ne, yana miƙewa. Kuma da sassafe kika auna, ko?"

Na ce haka ne, Baba.

"Koma ki samo zaren ɗinki, ki ninka biyu. Ki bari sai la'asar, hannu ya yi aiki ya cika. Ki tabbata ya wuce gaɓa. Zobe ta gaɓa yake shiga, ta nan kuma zai fito."

Yana da ƙusa a bango cike da zarurruka, kowanne ya san mai shi da irin ƙullinta. Da na fara iya rubutu, na rubuta sunana a 'yar takarda na ɗaura a nawa. Harafi ɗaya ya juya baya. Bai yi dariya ba. Ya ce, "To, malama ta samu. Rubuta mini na sauran, idona ya fara gajiya." Wannan ne aiki na farko da rubutuna ya yi a wajen aji.

Ba ya son a wulaƙanta kayan ado. Idan aka kawo masa awarwaro ya yi baƙi, sai ya ce, "Turare kika fesa masa, ko da shi kike wanki?" Ya hana mu goge azurfa da yashi. Toka mai laushi da tsumma mai taushi, in ji shi, sun isa. Yana kuma cewa a naɗe kowane abu a ƙyallensa daban, don sarƙa da 'yan kunne in sun kwana gwangwani ɗaya sai sun karce juna.

Abin da ya sa nake rubutun nan ya faru wata uku da suka wuce. An kawo Ummi daga Babura goyon ciki, cikinta na fari, wata bakwai. A yatsarta akwai zoben azurfa na mahaifiyata Hajiya, wadda Ummi ta ci sunanta. Wata safiya ta nuna mini yatsar ta kumbura, zoben ya nutse a nama. Na sa sabulu, na sa man gyaɗa, na ja har ta yi kuka. Ni mace ce mai saurin tsorata, 'ya'yana sun sani. Na ɗauko mayafi, muka hau Keke Napep zuwa rumfarsa, ina cewa a hanya ko yanke zoben ne a yanke.

Ya duba daga inda yake zaune, ya ce, "Ba za a yanke zoben Hajiya ba. Wanke hannunki, ke za ki yi aikin." Ya miƙo mini zare. Ya sa na zura bakinsa ta ƙarƙashin zoben, na naɗe sauran a yatsar, zagaye kusa da zagaye, har na rufe gaɓa. Ina ta sauri. Ya ce, "A hankali, Saude, ba kaza kike figewa ba." Ummi ta yi dariya da hawaye a idonta. Na kama bakin zaren na ƙasa ina warwarewa, zoben yana tafiya kaɗan-kaɗan, har ya faɗo a tafina.

Na tashi ina godiya, ya ɗaga mini hannu. Ƙafafun Ummi yake kallo, yadda igiyar silifas ta shige cikinsu.

"Jikata, kanki yana ciwo?"

Ta ce kwana uku ke nan, kuma idonta yana ganin walƙiya. Ni ba ta taɓa faɗa mini ba, wai kada hankalina ya tashi.

Ya ce, "Na shekara arba'in ina ganin yatsun masu ciki. Wannan kumburin ba na zobe ba ne. Daga nan asibiti za ku, ba gida ba."

Na ce bari mu je in sanar da mahaifinta. Ya ce, "Ki sanar da shi a waya." Shi da kansa ya fito titi ya tare mana abin hawa. A asibiti suka auna jininta, suka ba ta gado nan take. Ma'aikaciyar jinyar ta ce mini jinin ya hau sosai, da mun ƙara kwana a gida da ta iya fara jijjiga. Ni da nake kwana ɗaki ɗaya da ita, yatsa kawai na gani.

Zoben kuwa a rumfar Baba Sale muka bar shi. Da na je na ce ya faɗaɗa shi, ya ƙi. Ya ce, "Yatsar mai ciki ba a yi mata awo. Ki bari ta haihu, ta gama wankan arba'in, sannan ki kawo zare. Mai yiwuwa ma ba sai na taɓa shi ba."

Ta haifi namiji lafiya. Ranar Litinin ta cika arba'in. Talata da la'asar na auna yatsarta yadda ya koya mini, na ƙulla. Na so in kai masa zaren da jaririn tare, don bai taɓa ganinsa ba.

Ranar sadakar uku muka je gaisuwa. Inna Asabe ta shiga ɗaki, ta fito da wani farin ƙyalle a naɗe, da 'yar takarda ɗaure a jiki. Rubutuna ne, sunan Ummi, wanda na ɗaura ranar da na je batun faɗaɗa zoben. Ta ce, "Tun makon jiya ya wanke shi. Ya ce kwanakin yarinyar nan sun kusa cika." Ummi ta warware ƙyallen, ta zura zoben. Ya wuce gaɓa, ya zauna daidai. Jaririn ya motsa a bayanta.

Ya Allah, ka jiƙan bawanka Sale, ka yafe masa kurakuransa, ka yalwata masa kabarinsa, ka sanya ran 'yata da na ɗanta a mizaninsa na alheri. Ka ba Inna Asabe da 'ya'yansa da jikokinsa haƙurin wannan rashi da ya zo ba sallama, ka tsaya musu a bayansa. Mu kuma da muke jiran namu lokacin, ka sa mu cika da imani. Amin.