Kumfar da Ta Rufe Ramin Yashi

Ƙanshin sabulun wanki, irin mai kusurwa huɗun nan da ake yankawa da zare, har gobe yana mayar da ni bakin kogin Binuwai ko ban shirya ba. Shekaranjiya ina tsugune ina wankin kayan makarantar 'yata, ta zo ta tsaya a kaina da tambayar da aka ba su a aji. Wai kumfar sabulu a wane rukuni take, abu mai tauri ce, ruwa ce, ko iska? Na tsayar da wankin. Na san tambayar nan tun kafin a haifi mai yin ta, kuma saura kaɗan ta ci raina.

Mu Hausawan Garwa 'yan kasuwa ne, kogi ba namu ba ne. Babana atamfa yake sayarwa, ubansa goro ya sayar, babu wanda ya iya iyo a gidanmu. Wadda ta fi kowa tsoron ruwa ita ce kakata, mahaifiyar babana. Ba ta taɓa shiga kwalekwale ba, kuma idan ruwa ya wuce idon sawunta sai ta ja da baya tana salati. Amma ta ɗauka cewa ruwan famfo ba ya fitar da dauɗar bargo, don haka duk babban wanki sai ta kai shi kogi da kanta, ni kuma ina biye da kwanon sabulu a ka. Uwar gardama take kirana, ban kuma ce ta yi mini ƙarya ba.

A ƙarshen daminar shekarar da abin ya faru, muna sabon komawa lekol, wato makarantar boko, malaminmu ya shigo aji da gwangwanin ruwan sabulu da karan ganyen gwanda. Ya hura, kumfa ɗaya ta fito ta yi ta yawo a kanmu tana walƙiya. Ya tambaye mu da Faransanci ko solide ce, ko liquide, ko gaz. Kafin kowa ya motsa na miƙe. Na ce mai tauri ce, domin ruwa ba ya taruwa tsibi a tafin hannu, iska ba a ganinta, amma kumfa ina iya ɗora ta a kaina kamar gammo ta zauna. Aji ya kwashe da dariya. Malam bai ce na yi daidai ba, bai ce na yi kuskure ba, ya ce mu je mu yi tunani zuwa Litinin. Na koma gida ina cika ina batsewa, na kai wa Kaka ƙara. Ko ɗaga kai ba ta yi ba daga tsintar shinkafarta, ta ce ita sabulu ta sani, ba ta san danginsa ba.

Ranar Asabar muka sauka kogi da hantsi. Ruwa ya cika ya yi jajawur, mutane na cewa an buɗe ƙofofin madatsar ruwa ta Lagdo. Wurin da muka saba zama ya nutse, sai muka hau wani faffaɗan dutse tare da wata maƙwabciyarmu Bafulatana da wasu mata. A gefen dutsen akwai wani lungu da ruwa ba ya gudu. Duk kumfar da maza masu wanki suke saki daga can saman kogi, da wadda ambaliya ta kwaso, nan ta taru. Ta haɗu da ƙaiƙayi da ƙura, rana ta busar da samanta, ta koma launin yashi sak. Abin da ban sani ba shi ne da rani masu haƙar yashi sun bar rami a daidai wurin.

Gefen baho ya ture silifas ɗina ɗaya, ya faɗa kan kumfar nan ya kwanta abinsa, ko motsi bai yi ba. Wallahi daɗi na ji. Na ce a raina ga shaidata, Litinin sai malam ya ji bayani. Kaka ta juya mini baya tana matse zane. Na sauke ƙafa kamar mai sauka daga gado.

Ƙafata ba ta taka komai ba. Ban san lokacin da sanyi ya rufe kaina ba. Na buɗe ido, duhu ne ja, na nemi hasken sama ban gan shi ba, domin kumfar ta koma ta haɗe a kaina. Ban san ina ne sama ba, ban san ina ne ƙasa ba. Hannuna ya taɓa bangon ramin, yashi ya zube a cikin yatsuna. Tsoron da na ji a lokacin ban sake jin irinsa ba, ko a ɗakin haihuwa. Na buɗe baki na kira Kaka da duk ƙarfina. Sauti bai fita ba, numfashina ne ya fita, ruwa ya shiga a madadinsa.

Abin da ya faru a sama, maƙwabciyarmu ce ta ba ni labari daga baya. Ta ce babu wanda ya ji faɗuwata. Da a fili na faɗa, da ruwa ya yi tambal ya nuna wurin, amma kumfa ta haɗiye ƙarar ta kuma shafe sawun. Kaka ta waiwaya ba ta gan ni ba. Wata ta ce ƙila na zaga bayan ciyawa, wasu suka fara duban tsakiyar kogi suna kiran maza. Kaka ta tsaya cak tana kallon silifas ɗin. Can ta ga kumfar ta kumbura a wuri ɗaya, wasu manyan ƙwayoyi masu haske sun ɓullo daga cikin mai dattin, suna fashewa ɗaya bayan ɗaya.

Ta cusa wa maƙwabciyar bakin jiƙaƙƙen zanen da ke hannunta, ta naɗe ɗaya bakin a wuyan hannunta, ta faɗa. Matar da ba ta taɓa jiƙa gwiwarta a kogi ba, ruwa ya kai mata haɓa. Ta yi ta lalube da ƙafa har ta taɓa ni, sannan ta rufe ido ta nutse ta damƙo kitsona. Mata suka ja zane, maza suka iso suka ƙarasa fitar da mu.

Na farfaɗo a kan dutse ina aman jan ruwa. Kaka na zaune a gefena, kumfa a kunnuwanta. Na jira duka, dukan bai zo ba, wannan ya ƙara tsorata ni. Ta dube ni ta ce, "Numfashinki na gani. Da yau kin riƙe bakin nan naki, da ban same ki ba."

Ranar Litinin malam ya yi bayani cewa kumfa siririyar fatar ruwa ce da iska a cikinta, ba ta zauna a rukuni ɗaya ba. Na saurara hannuna a cinya. Kaka kuwa ba ta sake taka bakin kogi ba har ta koma ga Allah. A tsakar gida take wanki da ruwan famfon da ta raina, kuma da zarar kumfa ta rufe baho sai ta sa hannu ta share ta gefe har ta ga gindinsa. Ko da idonta ya yi rauni ba ta daina ba, lalubawa take yi.

Yanzu an haƙa rijiyar burtsatse a unguwarmu, 'yata ba ta san Binuwai ba sai daga kan gada, a bayan babur. Ina gode wa Allah da haka, ko da yake wani lokaci ina jin kewar hirar matan nan a kan dutse. Na ba ta amsa kamar yadda malam ya ba mu, ruwa a waje, iska a ciki. Ta ce, "Mama, wace iska?" Na ce ta wanda ya hura. Ta tafi tana maimaitawa don kada ta manta. Ƙaninta ya rarrafo ya dafa bakin baho yana dariya, yana miƙa hannu ga farin tsibin. Na ɗauke shi na saɓa a kafaɗa, da ɗaya hannun kuma na share kumfar gefe sai da na ga gindin bahon.