Inna Mai Keke da Haƙorin da Ba a Cire Ba

Haihuwa da Ƙuruciya

An haifi marigayiya, wadda kowa ya sani da Inna Mai Keke, a shekarar 1952, a garin iyayenta, a wani gida da ke bayan tashar mota. Mahaifinta kafinta ne, mahaifiyarta kuma masaƙiya. Ta yi karatun addini da na firamare daidai gwargwado. Tana ƙarama ta ga an danne mahaifinta a kan bencin shagonsa, an cire masa haƙori da filaya, babu allurar kashe zafi. Tun daga ranar ta ɗauki alkawari ba mai sa mata ƙarfe a baki.

Sana'a da Aure

A shekarar 1968 ta fara koyon ɗinki a wajen gwaggonta, a 1971 kuma ta auri wani direban babbar mota, mutum mai barkwanci, wanda ya saya mata keken ɗinkin da ya zame mata suna. Allah ya albarkace su da 'ya'ya biyar. An san ta da kyan aiki da yawan dariya, da kuma wata ɗabi'a: ba ta yanke zare da almakashi, sai da haƙorinta na gaba.

Ciwon Haƙori

A shekarar 1998, tana ɗinkin labule, ta ciji zare mai kauri, haƙorin ya tsage. Ta ɓoye ciwon wata da watanni, tana fama da kanumfari da ruwan gishiri, dariya ta ɗauke, abinci ya gagara. Maigidanta ne ya gano, ranar da ya same ta tana laluben almakashi a ƙarƙashin yadi.

"Ke da almakashi yaushe kuka shirya?" in ji shi.

"Tsufa ne, Malam."

"Tsufan ne ya kumbura miki leɓe? Ɗauko mayafinki."

Babbar 'yarta ce ta raka ta asibitin haƙori. Likitar, wata matashiya mai sanyin murya, ta ɗauki hoto, ta ce jijiyar da ke cikin haƙorin ta ruɓe. In aka yi aikin jijiya yanzu haƙorin zai tsira, in aka ƙara jinkiri sai cirewa. Inna ta miƙe za ta fita. Likitar ba ta tare ta ba, sai ta jawo farantin kayan aiki ta ce ta duba da idonta. Inna ta ga wasu 'yan ƙarafa sirara, ba su kai allurarta kauri ba.

"Ina filayar?"

"Babu filaya, Inna. Zan yi miki allura wurin ya mutu, in yi 'yar ƙofa ta bayan haƙorin, in fitar da ruɓaɓɓen, in wanke, in cike."

"Wato shafin za ki farke, ki bar rigar?"

"Haka ne."

"To, 'yar nan, ki yi aiki mai kyau, don zan duba."

Daga baya ta shaida wa iyalinta cewa in ban da tsinin allurar farko ba ta ji komai ba, kuma ko shi bai kai sukan da take sha a yatsa ba. A zuwa na biyu barci ya kwashe ta a kan kujerar, har da minshari. Likitar ta hana ta cizon zare, maigidan kuwa ya ɗaure almakashi da igiya a jikin keken.

Shekarun Rakiya

Daga 1999 duk wanda haƙori ya kama a unguwa, ita ke raka shi. Ba ta yi wa kowa ƙarya. Takan ce, "Za ka ji allura, za ka ji ƙarar inji, bakinka zai gaji da buɗewa, wurin zai yi 'yan kwanaki yana tsami. Ciwon da kake tsoro kuwa, ai shi ka zo da shi daga gida." Takan zauna a gefen kujera tana sa maɓalli a riga tana hira har a gama. Lokacin da mahaucin unguwa, ƙato guda, ya riƙe ƙofar asibiti ya ƙi shiga, cewa ta yi, "Kai da kake kayar da bijimin sa? Saki ƙofar mutane, ɗan nan!" Ya saki, aka yi masa, ya fito yana tambaya ko an fara.

Rasuwa

Maigidanta ya riga ta gidan gaskiya a shekarar 2015. Ita kuma Allah ya karɓi ranta da hantsin wata Laraba a shekarar 2022, bayan gajeriyar jinya, aka yi mata sutura aka binne ta a ranar, kusa da shi. Cikin masu ta'aziyya akwai da yawa da iyalin ba su sani ba, sai mutum ya gama addu'a ya ɗaga leɓe ya nuna haƙori ya ce, "Wannan, Inna ce ta raka ni." Aka yi ta kuka ana dariya.

Ta bar 'ya'ya biyar: Babbar Yaya, wadda malamar makaranta ce, Yaya Direba, Mai Shago, Anti Tela, wadda ta gaji keken, da Auta, sai jikoki da dama. Haƙorin nan kuwa da shi aka kai ta makwancinta. Allah ya sanyaya mata makwancin, ya haɗa ta da rahamarsa.