Malam Haladu da Fayil Ɗin Fulatanci

Malam Haladu haifaffen Kazaure ne, kuma tun yana ɗan shekara ashirin da ya kama biro bai sake shi ba. Ya yi akawu a Kazaure, aka kai shi Roni, ya zo ya yi ritaya a Gwiwa. Shekara talatin da biyar, amma ba mai iya nuna takarda ɗaya da Haladu ya rubuta ta gyara wani abu. Abin da aka san shi da shi kwaikwayo ne. In ya ji mutum sau ɗaya, to ya haɗiye shi ke nan, da muryarsa da tarinsa da gyaran muryarsa. Ya taɓa laɓewa a bayan ƙofa ya yi tarin shugaban sashensu, manyan mutane uku suka tura kwanon ƙosai ƙarƙashin tebur.

Abu na biyu da aka san shi da shi, Fulatantaka. "Mu fa Fulani ne," in ji shi, ko an tambaya ko ba a tambaya ba. "Kakana da sandarsa ya shigo garin nan." Fulatancin da ke bakinsa kuwa kalma ɗaya ce, "jam", wato lafiya, ita ma a bakin masu tallar nono ya tsince ta.

Da ya bar aiki sai gaisuwa ta ragu. Masu rusuna masa da, yanzu hannu suke ɗaga masa daga kan babur. Ana haka dagacin ƙauyen da ya zauna ya ce yana neman mai jin harsuna biyu, wanda zai riƙa zama gefensa duk ranar da manoma da makiyaya suka kawo ƙara. Wurin zama ne kawai a kan darduma, amma dab da dagaci, kowa sai ya gaishe ka. Haladu ya ce ai ba sai an wahala ba, ga jinin abin a gida. Aka ce to, sai kaka. Wata uku ke nan.

Ya tafi Kano ya sayo littafi, ya buɗe fayil, ya rubuta "Fulatanci" a bangonsa da jan biro. Ya zana jadawali: Litinin sunayen dabbobi, Talata gaisuwa, Laraba bita. Ya yanka takardu ya manna wa kowane abu sunansa, randa, turmi, ƙofa, har akuya ya rataya mata nata a wuya. Kafin azahar ta cinye shi, ta wuce kan na turmi.

Matarsa Dela ta gaji da kallo. "Malam, kai fa mutumin kunne ne. Shekara nawa ina tare da kai, ban taɓa ganin abin da ya shige ka ta takarda ba. Ka je kara, wajen cinikin shanu, ranar kasuwa, ka zauna kusa da Daudu ka yi ta saurare."

Daudu dillalin shanu ne. Ko sunansa bai iya rubutawa da boko ba, amma tsayuwa tsakanin mai saye da mai sayarwa ta sa Fulatanci ya zauna a bakinsa daram.

"Ni?" in ji Haladu. "Ni da na bar aiki a mataki na goma, in je in tsuguna cikin kashin shanu, Daudu ya zama malamina? Kowa da hanyar da ta dace da ƙwaƙwalwarsa. Ni mutumin alƙalami ne."

"Allah ya ba alƙalami sa'a," in ji Dela, ta ci gaba da tankaɗe.

Kaka ta yi. Shanu suka shiga gonar waken wani Sama'ilu, aka taru a zauren dagaci. Shugaban makiyayan, Arɗo Mamuda, dattijo ne mai jin Hausa sarai, amma in magana ta zama ta shari'a ba ya yin ta sai da harshensa. Haladu ya iso da babbar riga mai sitaci da fayil a hammata.

Gaisuwar mutanen ruga ba ta jiran layi. Kai a sunkuye, murya ƙasa-ƙasa, wannan na tambaya wancan na tambaya, a bi gida, a bi shanu, a bi yara, a sake komowa. Haladu kuwa ya miƙe tsaye kamar a taron majalisa, ya buɗe shafi na ɗaya, ya karanta tambaya ta farko, ya tsaya jiran amsar da ke rubuce. Arɗo tuni ya kai ta bakwai. Haladu ya liƙa yatsa a takarda yana nema.

"Ranka ya daɗe," ya ce da dagaci, "a ce masa ya bi tsari."

Arɗo ya ɗago ya dube shi, ya dubi fayil ɗin, ya yi wata 'yar doguwar magana a hankali. Makiyayan suka sunkuyar da kai, kafaɗunsu na rawa don dariya.

"Me ya ce, Malam Haladu?" in ji dagaci.

"Wato, ranka ya daɗe, wannan karin harshen ba shi ne na littafi ba."

"A kira mini Daudu."

Daudu ya shigo da ƙurar kara a ƙafa, ya zauna a kan dardumar. Kafin la'asar an sasanta, Sama'ilu da Arɗo sun yi musafaha. Haladu yana can bakin ƙofa, wajen takalma.

Ya koma gida yana huci, ya tarar da Barira mai nono tana auna wa Dela. Don ya huce, sai ya ranƙwafa, ya karkace baki, ya maƙale murya, ya zubo maganar Arɗo tun daga farko har ƙarshe, ba tuntuɓe, har da tarin tsakiya. Barira ta saki ludayi.

"Baba, ashe kana ji haka! Wallahi kamar Arɗo ne a tsaye."

"Me ya ce?" in ji Dela.

Barira ta rufe baki da gefen zane. "Cewa ya yi, ya san kakan wannan bawan Allah, tare suka yi kiwo da baban shi Arɗon. Kakan ya bar shanu arba'in. Wai ashe duka an sayar an sayi wannan takardar."

Dela ta zauna a kan turmi don kada ta faɗi. "Ji ɗaya fa, Malam! Da wata ukun nan a kara ka yi su, da yanzu kai ke kan dardumar nan."

Har yau Daudu ne ke zama gefen dagaci, mutane na rusuna masa. Shi kuwa Malam ya yi nazari, ya gano inda matsalar take: littafin ne tsohon bugu. Ya aika Kano a sayo masa sabo, ya buɗe fayil na biyu, ya kuma sa an ɗaure akuyar.