Mutumin da Aka Kashe Sau Biyu

Pondros Kanawi bai yi nisa a makaranta ba, amma a duk tsibirin Manus da wuya a sami wanda ya kai shi amincewa da Turancinsa. A gindin injin kwalekwale ya koye shi, wurin wani Bature mai sayen kifi da ya yi wa tuƙi tun yana saurayi. Baturen ba mai yawan magana ba ne. Da safe in inji ya yi sanyi sai ya ce "cok", Pondros ya ja ɗan maɓalli, inji ya farka. In sun fita teku ya ce "totur", a murɗa, jirgi ya zura. Da yamma ya ce "kil", a kashe inji ya huta.

Ba wanda ya taɓa gaya masa cewa a Turanci cok shaƙewa ne, totur kuwa maƙure wuya. Shi kuma kil, kisa ne a Turanci, amma a Pisin, yaren da kowa ke yi a kasuwa, in ka ce ka kilim mutum, duka kawai kake nufi, sai ka ƙara da cewa har ya mutu kafin a fara kuka. Saboda haka Pondros ya girma, ya yi aure, ya yi furfura, yana ganin Turawa mutane ne masu tausasa harshe.

Ana nan sai ƙanen matarsa, Posakei, ya yi faɗa da wani Lukas a kan ragar kamun kifi. Mari biyu ya yi masa, Lukas da ke buge ya zube a yashi, Posakei ya girgiza shi ya tashi, ya bi shi da shuri ta baya, Lukas ya ruga gida. Lukas ya kai ƙara cewa an nemi ransa. Shaida ɗaya ne, Pondros.

"Ka ji ni da kyau, Baban Nialin," in ji matarsa tana tankaɗen garin sago, abincinsu na kullum. "In aka ɗaure ƙanena, ka ɗauki tabarmarka ka koma cikin jirgin nan, ya dafa maka."

"Haba, gaskiya fa ƙarama ce. Kuma da Turanci zan faɗe ta."

"Abin da nake tsoro ke nan."

A kotu aka kawo tafinta, Pondros ya ce ya zauna ya huta. Ɗan sanda mai gabatar da ƙara ya tambaye shi me ya gani.

"Ranka ya daɗe, tambu na ya yi masa kil." Tambu shi ne suruki. "Sau biyu. Amma kaɗan-kaɗan."

Alƙaliya ta ɗago kai ta dubi Lukas, wanda ke zaune a benci bakinsa ja wur da buwai, goron taunarsu.

"Wannan aka kashe?"

"Shi ne. Ai ga shi nan, ki tambaye shi."

Ɗan sandan ya ga kasuwa ta buɗe. "Ya yi masa cok?"

Pondros ya yi murna, don an zo inda zai nuna kirkin surukinsa. "Ƙwarai! Da ya ga ya kwanta ya yi sanyi, nan take ya yi masa cok. Ba don haka ba da yana nan kwance har yanzu."

"Tambu, don Allah yi Pisin!" Posakei ya yi ihu daga akwatin wanda ake tuhuma. "Kai za ka rataye ni!"

"Yi shiru, yaro, gyara maka nake yi."

"Totur fa?" in ji ɗan sanda.

"Sau ɗaya, ta baya. Ai da ka ga gudu."

Alƙaliya ta ajiye alƙalami ta karanta abin da ta rubuta: an kashe mutum sau biyu, sannan aka shaƙe shi ya farfaɗo, aka maƙure shi ta baya ya sheƙa gida. Ta tambayi Lukas ko haka aka yi. Lukas ya yi tunani, ya ce shi dai ba ya son ya ƙaryata dattijo, amma bai tuna ya mutu ba.

Ta ce kotu ba ta da inda za ta ajiye wannan shaida, kuma babu wata. Ta sallami Posakei, ta gargaɗe shi ya riƙa riƙe hannunsa.

A bakin ƙofa tafinta ya ja Pondros gefe ya fassara masa kalmomin ɗaya bayan ɗaya, har da kama wuyansa don misali. Pondros ya dube shi ya tambaya.

"To in cok shaƙewa ne, don me inji yake tashi?"

Tafinta ya juya ya koma cikin kotu.

Ran nan Pondros a ɗaki ya kwana, ya ci sago da kifi har da ƙari. Matarsa dai ta kafa masa sharaɗi guda, cewa daga yau Turancinsa ya tsaya a bakin ruwa. Ya yarda. Har yanzu in ya ja maɓallin nan da safe yakan ɗan dakata, ya dubi injin, ya ce masa ya yi haƙuri.